Naman Kaza, Gara da Dajin Doka

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, yakan ɓullo da safe bayan an kwana ana ruwa, ya yi kwana biyu ko uku ya ruɓe, don haka mutane da yawa suke ɗaukarsa tsiro marar asali kuma marar amfani. Masana halittu kuwa ba sa lissafa shi cikin tsirrai, domin ba shi da koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Tun shekarar 1969 masanin nan ɗan Amurka Robert Whittaker ya ware shi tare da funfuna da yis a rukuni mai zaman kansa. Abin da ido ke gani a doron ƙasa ɗan itace ne kawai, ita kuwa bishiyar tana ɓoye: wasu siraran zaruruwa ne farare da ke ratsa ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suna rayuwa shekara da shekaru, ba sa fitar da laima sai lokacin watsa iri ya yi.

Aikinsa na farko shi ne ruɓar da matattun itatuwa da ganyaye, musamman sinadarin lignin, wato abin da ke sa itace tauri, wanda halittu kaɗan ne ke iya narkar da shi. Amma wasu nau'o'in da rayayyen itace suke hulɗa. Zaruruwansu sukan naɗe ƙananan saiwoyi, su janyo wa bishiya ruwa da sinadarin fosfaras daga inda saiwa ba ta kaiwa, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa, kuma wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne Bajamushe Albert Frank ya raɗa wa suna maikoraiza a 1885. Doka da kawo, waɗanda kowane maharbi da mai sassaƙa a kudancin ƙasar Hausa ya sani, suna cikin bishiyoyin da ke da irin wannan alaƙa, haka ma danginsu da suka mamaye dajin miyombo na Zambiya da Tanzaniya, inda mata da yara kan jera kwanukan naman kaza a bakin titi duk damina.

Alaƙar da ta fi ban mamaki ita ce ta gara. Wasu nau'o'in gara na Afirka da Asiya noman naman kaza suke yi a cikin suri: ma'aikatansu sukan ci busasshiyar ciyawa da itace, su kasayar da su tun ba su gama narkewa ba, su gina wani dunƙule mai ramuka-ramuka da kashin a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda zafi da laima ba sa sauyawa sosai. A kan wannan dunƙule zaruruwan ke yaɗuwa suna laushe shi, garar kuma tana cin ƙananan fararen ƙwayoyin da suke fitarwa, daga baya ta cinye tsohon dunƙulen da ya nuna. Bafaranshe Roger Heim ne ya sa wa wannan jinsi suna Termitomyces a 1942, kuma burbushin irin waɗannan gonaki da aka tono a kwarin Rukwa na Tanzaniya ya kai shekaru miliyan 25, alhali noman ɗan Adam bai wuce shekaru 12,000 ba. Idan damina ta kankama, sai wata doguwar jijiya ta keto daga dunƙulen, ta huda busasshen yumɓun surin da tsininta, ta buɗe laima a waje. Nau'in da aka bayyana daga Zambiya a 1980 faɗin laimarsa kan kusanci mita ɗaya.

Wannan abinci bai samu gurbi sosai a tukunyar Bahaushe ba, amma Nufawa da Gwarawa da Tibi suna sa shi a miya, Yarbawa kuwa sun bambance nau'o'insa da sunaye, kamar yadda masani B. A. Oso ya rubuta a 1975. Tsoron da ake yi masa yana da dalili, domin akwai nau'o'i masu dafin amatoksin, wanda dahuwa ba ta kashe shi, kuma ba ya nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da ya riga ya fara lalata hanta. Camfin da ke cewa duk wanda ƙwari suka ci ba shi da dafi kuskure ne mai kisa. Abin dogaro kawai shi ne sanin nau'in ɗaya bayan ɗaya, irin sanin da uwa ke koya wa 'yarta a dawa.

Nau'o'in da ake nomawa a buhunan diddigar katako masu cin mataccen abu ne, shi ya sa suka karɓi noma. Na suri da na gindin doka kuwa har yanzu ba a iya nomansu don kasuwa ba, saboda rayuwarsu a ɗaure take da ta abokan zamansu. Saboda haka duk inda aka sare doka aka yi gawayi, ko aka zuba wa suri maganin ƙwari don share gona, naman kazan wurin yakan daina fitowa, kuma matan da ke tsintarsa sai sun ƙara nisa cikin daji a daminar da ke biye.