Gida Bisa Taya Huɗu

'Yar uwa, kin taɓa ganin gida yana gudu a titi? A Faransa, inda ma'aikaci ke samun hutun mako 5 tun 1982, da Agusta ta kama sai maigida ya kwashi iyali a mota mai gado, kicin da banɗaki, sai tsibirin Mon-San-Mishel. Da can teku kan cim ma motocin da aka ajiye a gindinsa. Tun 2012 nesa ake ajiyewa a shiga bas.

A motar nan ba ɗakin shiga a yi fushi. Uwa na girki, yara na wanke-wanke, uba na ɗebo ruwa, dole a shirya. Ke fa, yaushe rabon gidanku da cin tuwo tare?