Motsi da Tsayawa

Ran Alhamis ka hau amalanke daga Sule Tankarkar, za ka kasuwar Maigatari. Kana zaune bisa buhun gero. To, kana motsi ko ba ka motsi?

Mai amalanke da ke zaune kusa da kai zai ce ko gusawa ba ka yi ba. Manomin da ke bakin hanya kuwa ya ga ka wuce. Dukansu sun faɗi gaskiya. Ba a sanin motsin abu sai an gwada shi da wani abu. Kai, ko kukar bakin gari ba tsaye take ba, gama duniya tana juyawa da ita sau ɗaya cikin awa 24.

Motsi iri-iri ne. Akwai na miƙewa, kamar guga in an sake shi cikin rijiya. Akwai na juyawa, kamar ƙafar amalanke da mazarin kaɗi. Akwai kuma na kai da komo, kamar lilo.

A shekarar 1687 wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa abin da ke ajiye ba ya motsawa sai an tura shi, abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa sai wani abu ya tare shi. Amalanke, rairayi ne ke riƙe ƙafafunta.

Yanzu ku duba babbar mota tsakanin Gumel da Gagarawa. Akuya ta gitta, direba ya taka birki. Mota ta tsaya, amma jikin mutane bai tsaya ba, sai ya yi gaba. Na ciki, kujerar gabansa ta tare shi. Wanda ya hau saman kaya fa? Ba abin da zai tare shi sai ƙasa.