SITIYARI DA ALLON MOTAR A-KORI-KURA: ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A SA HANNU



An buga wannan takarda ne saboda wani abu da ya yawaita a ƙasar Daura, watau sake-saken da a ke yi wa sitiyari da allon gaban direba na motocin a-kori-kura bayan sun baro inda aka ƙera su. Babu gundumar da ba ta dogara ga irin motar nan ba. Ita ke kai taki ƙauye da bazara, ita ke kwaso gero da wake da kaka, ita ke ɗaukar mutane da awaki zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi. In kuwa haihuwa ta zo da gardama da tsakad dare, ita a ke nema. Sau da yawa kuma takardar sayenta, ko ta gyaranta, ta kan bi ta hannun malamin Hakimi kafin a biya kuɗi. Saboda haka ya kamata malami ya san abin da ya ke sa wa hannu.

Sake-saken nan ba ɗaya su ke ba. Akwai mai amfani, akwai wanda a ke yi don a rufe wa mai saye ido, akwai kuma wanda ke iya halaka mutane. Da na ƙarshen za mu fara.

JUYA SITIYARI

Dattawa sun fi ni sanin asalin wannan magana, gama sun gani da idonsu. A da, motoci a Nijeriya hannun hagu su ke bi kamar na Ingila, sitiyarinsu kuwa yana dama. Maƙwabtanmu na Nijar, da ya ke tsarin Faransa su ka gada, hannun dama su ke bi. Direban da ya tashi daga Daura za shi Damagaram ta Kwangwalam, da ya ƙetare iyaka sai ya sake hannu. Ran Lahadi 2 ga Afril, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma hannun dama. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, waɗanda direbobi ke kira Fijo, duk da sitiyari a hagu su ka fito, har da a-kori-kurarsu.

Dalilin sa sitiyari a hagu ba ado ba ne. Ana so direba ya zauna ta wajen tsakiyar hanya, don ya hangi abin da ke tafe kafin ya fita ya wuce wata mota. Wanda ya zauna a dama, yana bayan babbar mota, ba ya ganin kome sai ya fid da rabin motarsa tukuna. Shi ya sa dokokin hanya na ƙasa su ka hana a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista.

Amma fa har yanzu akwai ƙasashen da ke bin hagu, kamar Ingila da Japan da Tailan da Afirka ta Kudu, a can kuwa a ke ƙera ko a ke amfani da a-kori-kura masu yawa. Toyota Hilux, wadda aka fara yi a 1968, ana yin ta iri biyu, ta dama da ta hagu. Ta dama in ta tsufa ta kan shigo da araha, sai mai saye ya kai ta gareji a juya mata sitiyari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan wannan aiki.

Mutum ya kan zaci cire kambun sitiyari kawai a ke yi a mai da shi ɗaya gefen. Ko kusa. Kambun nan a haɗe ya ke da wani sandan ƙarfe da ya ratsa bangon da ke tsakanin direba da inji, ya sauka har kan ƙarfen da ke karkata ƙafafun gaba. In za a yi aikin bisa ƙa'ida, sai an sake wannan ƙarfe da na motar hagu, an ta da burki da kuloci da totur daga mazauninsu, an ɗauke tukunyar man burki da bututanta, an huda bango sabuwar huda, an toshe tsohuwa, an kawo sabon allo, an kuma sake shimfiɗa wayoyin lantarki. Kayan nan duka in aka saye su na ainihi, arahar da aka yi murna da ita ta tafi. To, a nan ne a ke yin ha'inci. Maimakon a sayi sabon ƙarfe, sai a yanke tsohon, a ƙara masa guntu, a yi walda. Bututun burki kuma a yi masa ƙari. Na taɓa ganin wata a wani gareji, an ɗaga ta, sandan sitiyarinta da walda wuri biyu, an shafe da baƙin fenti. Waldar nan ta kan riƙe wata da watanni a kan kwalta. Ranar da za ta saki ita ce ranar da mota ta faɗa rami da buhu ashirin a bayanta da mutane bisa buhunan, sa'an nan direba ya juya kambu ya ji shi sakayau, ƙafafu ba su amsa ba.

Akwai wani aibi kuma da ba a cika kula da shi ba. Fitilun gaba na motar da aka yi don hannun hagu suna karkata haskensu hagu ne, wajen bakin hanyarsu ta can. A hanyarmu kuwa hagun nan shi ne idon direban da ke tafe.

Ba sai malami ya zama makaniki zai gane motar da aka juya ba, karatu ya ishe shi. A jikin kowace Toyota akwai ɗan faranti ko takarda a manne, a ƙarfen ƙofa ko cikin ɗakin inji, mai ɗauke da lambar irin motar. Bayan baƙaƙe da lambobin farko sau da yawa akwai harafi guda, misali KUN25L ko KUN25R. Harafin L yana nufin an yi ta da sitiyari a hagu, R kuwa a dama. In malami ya ga R alhali sitiyari na hagu, to, an juya. Sa'an nan a buɗe bonet a dubi bango: faci, ko tabon walda, ko ramin da aka toshe a gefen dama, duk shaida ne. A dubi masu share gilashi kuma, a ga ko gaban direba su ka fi sharewa ko gaban wanda ke zaune kusa da shi. Shawarata ita ce kada a sayi irin wannan mota da kuɗin jama'a, kome ƙyallinta.

MABALLAI DA ALLON KALLO

Na biyu ya fi sauƙi, shi ne kuma samari su ka fi so. Ita Hilux akwai babba akwai ƙarama a wajen kayan ciki. Mai ƙaramar ya kan je Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo kambun babbar, mai maɓallai na ƙara sautin rediyo da amsa waya, ya kuma cire rediyo ya sa allo irin na wayar hannu. Wannan ba laifi ba ne, har ma yana da amfani, domin direba ba ya ɗauke hannu daga sitiyari. Allon kuma in an haɗa shi da na'urar ɗaukar hoto a baya, ya kan nuna yaro ko akuyar da ke bayan mota sa'ad da a ke ribas, abin da madubi ba ya nunawa in an yi lodi. Amurka ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci tun Mayu, 2018.

Haɗarin yana bayan kambu. A can akwai wata waya mai faɗi kamar zaren kaset, a naɗe cikin ɗan gwangwani, tana warwaruwa tana naɗuwa yadda kambu ke juyawa. Ta cikinta wutar ham ke bi, da ta maɓallai, da ta jakar iskar da ke buɗewa ta tare ƙirjin direba in an yi karo. Dole a ɗaura ta tana tsakiyar naɗinta, ƙafafu kuma suna miƙe. In aka kuskure, ran da direba ya karya kwana sosai sai ta tsinke, ham ya mutu, jakar iska ma ta mutu, shi kuwa bai sani ba. Wayoyin jakar nan rawaya a ke yi wa kawunansu don a gane su. Ba a taɓa su sai an cire kan batir an dakata aƙalla minti ɗaya da rabi, in ba haka ba tana iya fashewa a fuskar mai gyara. Duk mai wayarin ɗin da bai san wannan ba, kada a ba shi.

Shi kuwa allo, masu ƙera shi sun sa masa waya guda da a ke haɗawa da burkin hannu, don kada ya nuna fim sai mota na tsaye. Masu ɗaurawa su kan haɗa ta da jikin mota, sai ya yi ta nunawa ko ana gudu. Ga lissafi: motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Direban da ya kalli allo daƙiƙa uku ya yi mita 50 ke nan ido rufe, a hanyar da amalanken shanu ke fitowa daga gona ba sallama. Ya kamata Hakimi ya hana wannan a motar ofishinsa.

FITILUN GARGAƊI DA MALEJI

Sa'ad da aka murɗa makulli, kafin inji ya tashi, ƙananan fitilun allo su kan kama duka, sa'an nan su mutu ɗaya bayan ɗaya. Gwaji ne mota ke yi wa kanta. Mai siffar buta ta man inji ce, mai siffar batir ta caji, akwai ta burki, akwai ta inji, akwai mai siffar mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ita ce ta jakar iska, ta kan yi kamar daƙiƙa shida kāna ta mutu. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana ba da labarin ciwo. Amma wadda ba ta kama ba sam ita ta fi abin tsoro, gama mai sayarwa ya kan cire ƙwanta ko ya liƙe ta da baƙin salatif. Malami ya tsaya da kansa a murɗa makulli a gabansa, ya ƙidaya.

In an sake allon maleji duka, sai a kula da abu biyu. Na fari, a motoci da yawa lissafin tafiyar da mota ta yi a cikin allon ya ke, saboda haka sabon allo da lissafin wata mota ya ke zuwa, tsohuwa ta koma yarinya a takarda. Na biyu, allon da ya fito daga Amurka ko Ingila da mil ya ke awo, mil guda kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Allura in ta nuna 60, gudun ya kusa kilomita 97. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne, watau wajen 31 a irin wannan allo.

Saboda haka duk ran da aka taɓa sitiyari ko allon motar gunduma, malami ya rubuta a littafin mota: kwanan wata, da sunan mai gyara, da abin da aka cire, da abin da aka sa, da lambar da tsohon maleji ya tsaya a kai, da wadda sabon ya fara da ita. Tsofaffin kayan a dawo da su ofis a ajiye. In aikin ya shafi sandan sitiyari ko burki, a kai motar wurin jami'in duba lafiyar motoci ya gani tukuna, kafin a ɗora mata mutum ko buhu.