Tsakar Gida Ta Yi Tsaf, Amma Ina Ruwan Sama Zai Bi?

Duk wanda ya bi titin Kachia ya ratsa lungunan Sabon Tasha, a ƙaramar hukumar Chikun, zai lura da wani sabon yayi. Da yawa daga cikin sababbin gidaje, tun daga bakin ƙofa har jikin katanga an shimfiɗe su da siminti ko bulon intalok. Ba taɓo da damina, ba ƙura da rani, ga sauƙin shara. Mu ma mun yaba, amma akwai tambayar da muke so mu yi nazarinta tare da ku: ruwan da ƙasar gidan take shanyewa a da, yanzu ina yake zuwa?

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa milimita 20, ta karɓi lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. A Kaduna kuwa ruwan da ake yi a shekara yakan haura milimita 1,000, kuma ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Idan an lulluɓe ko'ina da siminti, kusan dukkan wannan ruwa ta rariya zai fice zuwa layi. Gida ɗaya ba ya tayar da hankali. Amma gida 50 a layi ɗaya? Nan ne kwata ke cika ta tumbatsa, hanya ta zaizaye, maƙwabcin da ke gangare ya kwana kwalfar ruwa.

Akwai asara ta biyu da ido ba ya gani. Ruwan da ke nutsewa cikin ƙasa shi ne ke ciyar da rijiyoyinmu. In mun toshe masa hanya, mu ne za mu sha wahala a watan Maris. Ta uku zafi ne: siminti na tara zafin rana, ya riƙa sako shi da dare.

Gyaran daɓen gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata sukan taru su baza tsakuwa, su buge ta da madaɓi suna waƙa, su yayyafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Sai dai ɗaki da wani sashe na gida ake daɓewa, a bar sauran ƙasa ga bishiya da dabbobi.

Sauran ƙasashe ma sun ɗanɗana wannan matsala. A Ingila, tun 2008, wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 na filin gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa sai ya nemi izinin hukuma, sai fa in ruwan zai gangara cikin lambunsa.

To, mene ne mafita? A shimfiɗa intalok a inda ake buƙata kawai: hanyar shiga, wurin ajiye mota da wurin wanki. Magini nagari yakan daddage marmara tukuna, ya baza yashi, ya jera bulon, sannan ya cike tsakaninsu da yashi. Ta nan wani kaso na ruwan ke samun hanyar nutsewa, ba kamar simintin da aka zuba gaba ɗaya ba. Bulo mai kaurin santimita 6 ya isa wurin tafiya da ƙafa, mai 8 kuma ya fi dacewa da mota. A karkata shimfiɗar nesa da ginin ɗaki, ta zubar da ruwanta a gindin mangwaro ko ɗan lambun alayyafo da zogale. A kafa duro mai murfi a ƙarƙashin indararo. Inuwar bishiya da benci guda sun isa wurin karatu da hira.

Ga aikin wannan mako. Ku auna tsakar gidanku, ku lissafa lita nawa za ta karɓa a ruwa milimita 20. In an yi ruwa, ku leƙa ku ga inda yake bi. Sannan, kafin a kira magini, ku nuna wa Baba da Mama lissafinku cikin ladabi.