Tafiya Yankari Kallon Namun Daji

Yara, wane ne cikinku ya taɓa ganin giwa da idonsa? A nan Sakkwato sai dai mu ga hotonta cikin littafi. Wanda ke so ya gan ta tana kiwo a dajinta, sai ya yi shirin zuwa Yankari, can ƙasar Bauci. An keɓe wannan daji a 1956, aka hana farauta cikinsa, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Tafiyar da nisa. Mota takan bi ta Gusau, da Funtuwa, da Zariya, da Jos, kana ta isa Bauci. Daga nan a yi gabas zuwa Dindima, a karkata kudu, a shiga ta ƙofar Mainamaji.

To, amma ba kowane lokaci ya kamata a tafi ba. Da damina ciyawa takan rufe ko'ina, ga ruwa a kowane kwari, sai namun daji su watse. Mutum ya sha wannan doguwar tafiya, ya komo gida bai ga kome ba sai gwaggon biri! Da rani kuwa, in tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa takan koro giwa da ɓauna da gwanki zuwa kogin Gaji. Nan ake tsayawa a kalle su, da sassafe ko da la'asar.

Ba a sauka daga mota, ba a hayaniya, don giwa mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan. In an komo masauki, sai a gangara maɓuɓɓugar Wikki a yi wanka. Ruwanta da ɗumi yake fitowa, ko da hunturu.