'Yan Dakon Cibiyar Ƙwayar Halitta

 Yau za mu leƙa inda ido ba ya gani, cikin ƙwayar halittar jikin ɗan Adam, mu ga yadda kaya ke shiga cibiyarta da kuma su wane ne ke ɗaukar kayan.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da cibiya, in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini da ke yar da tasu in sun nuna. A cibiyar nan ake ajiye DNA, kundin gadon halitta, wanda in da za a warware shi zai kai kusan mita 2. An kewaye shi da tantani riɓi biyu. To, ga inda gizo ke saƙar: furotin ɗin da ke naɗe DNA, da masu kwafarsa, da masu gyara shi in ya lalace, duk a wajen cibiya ake ƙera su. Dole sai an shigar da su.

Hanya ɗaya ce, wato ƙofofin da ke jikin tantanin. A shekarar 1950 Callan da Tomlin suka fara hango su da madubin lantarki a ƙwan kwaɗo. Ƙwayar halitta guda kan sami dubban ƙofofin nan, kowace an gina ta da furotin iri kusan 30, an jera su zobe mai kusurwa takwas, kuma a daƙiƙa guda kaya kusan dubu kan ratsa ta. Sai dai ƙofar ba ta da ƙyaure. Abin da ke tsakiyarta wasu zarurruka ne masu laushi da danƙo, cunkushe da juna, kullum cikin motsi. Ƙananan abubuwa kan sulale su wuce. Babban furotin kuwa, in ya zo shi kaɗai, sai dai ya juya.

Yaya aka gane sirrin shiga? Kwaɗo ne dai ya sake taimakawa. A 1982, a Kambirij ta Ingila, Colin Dingwall da Ron Laskey da abokan aikinsu suka ɗauki wani furotin da ke taruwa a cibiyar ƙwan wani kwaɗon Afirka, suka datse masa wutsiya. Suka yi allurar gangar jikin a cikin ƙwan, ta tsaya a waje, ta ƙi shiga. Suka yi allurar wutsiyar ita kaɗai, sai ga ta a cibiya. Ashe takardar izinin shiga a wutsiya take. Bayan shekara biyu, a 1984, Daniel Kalderon da Alan Smith a Landan suka karanta irin wannan takardar a furotin ɗin wata ƙwayar cutar birai mai suna SV40. Amino asid, wato tubalan ginin furotin, bakwai ne rak a jere, biyar daga ciki masu cajin lantarki iri ɗaya. Da suka sauya guda ɗaya tak, furotin ɗin ya maƙale a waje. Da suka liƙa bakwai ɗin a jikin wani furotin da ba shi da hurumi a cibiya, sai ya shige abinsa.

Amma takarda ba ta karanta kanta. A 1994 Dirk Görlich, wani Bajamushe da ke aiki tare da Laskey, ya tsamo mai karatun daga ruwan ƙwan kwaɗo, aka raɗa masa suna imfotin. Mu kira su 'yan dako, don aikinsu ke nan: su ɗauka, su kai, su sauke, su dawo neman wani kayan. Jikin mutum yana da irinsu kusan 20, amma fitattun su ne imfotin alfa da imfotin bita, waɗanda ke aiki tare.

Siffarsu ita ce aikinsu. Imfotin alfa dogo ne mai ɗan lanƙwasa, an gina shi da sassa 10 masu kama da juna, kuma a cikin lanƙwasar akwai kwari inda takardar izinin ke kwanciya daidai wa daida. A 1998 Elena Conti da John Kuriyan suka fitar da hotonsa a Amurka. Wani abin sha'awa, in babu kaya, alfa kan naɗo nasa hannun ya toshe kwarin, don kada ya kwashi abin da bai kamata ba. Sai bita ya kama wannan hannun sannan kwarin ke buɗewa. Shi kuwa bita sassa 19 gare shi, a murɗe, yana iya miƙewa ya kuma tsuke gwargwadon abin da ya runguma. Bayansa yana da wurare masu ɗan maiƙo da ke taɓa zarurrukan ƙofa, ya kama ya saki, ya kama ya saki, har ya narke a cikinsu ya ɓullo ɗaya gefen da kayansa.

Mai sauraro zai ce, to wa ke gaya masa nan ne ciki, ya sauke? Wani ɗan ƙaramin furotin ne mai suna Ran. A cikin cibiya Ran yana ɗauke da sinadarin GTP, a waje kuma GDP yake riƙe da shi. Da bita ya shigo, sai Ran mai GTP ya cafke shi ya sauya masa siffa, kayan su suɓuce. Bita da Ran su fita tare, a waje a ƙone GTP ɗin ya koma GDP, Ran ya sake shi. Masu fitar da kaya kuwa akasin haka suke: sai sun haɗu da Ran mai GTP sannan suke ɗauka. Ita ƙofar ba ruwanta da gabas ko yamma. A 1999 Nachury da Weis suka juya wannan tsari na Ran a ɗakin gwaji, sai zirga-zirgar ta koma baya.

A ganina, nan ne lagon ƙwayar halitta yake. Ƙofa ba ta binciken kaya, ɗan dako kawai ta sani. Ƙwayoyin cuta kuwa sun daɗe da gano haka.

Ku tuna Ebola ta 2014, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kuma ɓulla a Legas. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, akan aika saƙon gaggawa zuwa cibiya ta hannun wani furotin mai suna STAT1, domin a tayar da garkuwa. Imfotin alfa ne ke ɗaukarsa, amma a wani gefe na daban, ba a kwarin ba. Ebola tana da furotin mai suna VP24 da ke zuwa ya zauna daram a wannan gefen. Sauran kaya na ci gaba da shiga kamar ba abin da ya faru, saƙon gaggawa ne kaɗai ba ya isa.

Ƙwayar cutar ƙanjamau, HIV, dabararta ta fi haka. An daɗe ana zaton kwanson da ke ɗauke da gadonta ya yi wa ƙofar girma, don faɗinsa ya kai nanomita 60, saboda haka dole ya fashe a waje. A 2021 masana a Jamus suka ɗauki hotonsa yana ratsa ƙofar bai fashe ba. A 2024 kuma aka nuna cewa bayan kwanson yana da ramuka masu kama zarurrukan ƙofa kamar yadda bita ke yi. Wato ba ya neman ɗan dako, shi da kansa ya yi shigar ɗan dako.

Waɗannan ramukan ne maganin lenacapavir ke toshewa. Allura ce sau biyu a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, aka bayyana sakamakonsa a 2024, cikin mata da 'yan mata 2,134 da aka yi wa allurar babu ko ɗaya da ta kamu. A watan Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita wajen rigakafi.