Daga Kwal Zuwa Man Gas: Labarin Kawunan Jirgin Ƙasa a Najeriya

Ɗan Yawuri da ya ɗauko albasa ko busasshen kifi ya nufi Kudu, sai ya kai wajen Mokwa ko Jebba kafin idonsa ya faɗa kan layin dogo. Jihar Kebbi kaf ɗinta ba ta taɓa samun tashar jirgin ƙasa ba. Turawan mulkin mallaka sun bi da layi ta Zungeru da Minna, jirgi ya isa Kano a 1911, sannan a 1929 aka kai reshe daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Gusau, aka bar mu da kogin Kwara da kwale-kwale. Duk da haka labarin kan jirgi, wato injin da ke jan taragai, ya shafe mu, domin duk buhun da ya kamata jirgi ya ɗauka amma bai ɗauka ba, a kan titin Kontagora zuwa Yawuri da ire-irensa yake sauka cikin tirela, ya farfasa kwalta, ya ƙara wa kaya tsada.

Fiye da shekara hamsin na farko, tururi ne ke jan jirgi a ƙasar nan. Ana hura kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Kwal ɗin kuwa daga Inugu ake haƙo shi, saboda haka kafin jirgi ya kwashi gyaɗa daga Kano, sai wani jirgin ya sha doguwar tafiya ya kawo masa abin da zai ƙona. Ga kuma ƙishirwa. Kan jirgi mai tururi yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma da rani a Arewa ruwa ba abin wasa ba ne. Kafin ya tashi da safe ma sai an yi sa'o'i ana masa wuta.

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka shigo da kawuna goma masu amfani da man gas, ƙirar kamfanin English Electric na Ingila. Bayan shekara uku sai na kamfanin General Motors na Amurka suka biyo baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Inugu, abin da ya ƙara hanzarta ajiye masu tururi.

Mutane da yawa suna zaton kan jirgi babbar mota ce kawai mai giya da kuloci. Ba haka ba ne. Injin da ke cikinsa irin wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙera ne a 1897: ba shi da fulogi, iska ake matsewa har ta yi zafi, a fesa mata mai ya kama da kansa. To amma wannan injin ba shi ke juya ƙafafun ba. Aikinsa ya juya janareta, janareta ya ba da wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa wasu injinan lantarki da ke manne a jikin kowane gindin ƙafafu, su ne ke ja. Wanda ya san abin da ake yi a madatsar Kainji ya riga ya gane rabin zancen: can ruwa ne ke juya janareta, nan kuwa man gas ne, kuma tashar wutar tana tafe ne a kan ƙafafunta.

Hikimar ita ce injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, lokacin da nauyin taragai ya fi wuyar motsawa. Wannan ne ya sa irin wannan kai ya dace da jirgin ma'aikata da 'yan kasuwa, mai tsayawa tasha-tasha cikin gari, ya sauke, ya ɗauka, ya sake yunƙurawa sau da dama cikin sa'a guda. Jirgin Iddo da ke Legas zuwa Ijoko shi ne babban misali. Shekaru da dama yana kwasar jama'a da asuba yana mai da su da yamma, cike maƙil, har wasu na hawa rufi suna sayar da ransu don kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. A Arewa kuma jirgin Kano zuwa Nguru ya yi wa ƙauyukan da ke kan layin irin wannan hidima.

Inda labarin ke da ciwo shi ne yadda aka riƙa sayen kawunan. Bayan na Ingila da Amurka, an sayo daga Kanada a 1972, an sayo daga Jamus, daga Japan, daga Koriya ta Kudu. A zamanin Janar Sani Abacha an ƙulla yarjejeniya da kamfanin CCECC na ƙasar Sin a 1995, aka kawo kawuna 50. A 2010 aka ƙaro 25 na kamfanin General Electric. Kowane iri da nasa kayan gyara, da nasa littafi, da nasa makaniki da sai an koyar da shi daga farko. Da kai ɗaya ya tsaya aka rasa kayansa, sai a kwance wani a ɗauki nasa a sa masa, a haka guda biyu su koma guda ɗaya, daga baya su koma babu. Wanda ya taɓa leƙa harabar reluwe a Zariya ko Ebute Metta ya ga layin kawunan da ciyawa ta cinye. Ba tsufa ne ya kashe yawancinsu ba. A wasu ƙasashe irin waɗannan injina suna yin shekara arba'in suna aiki, domin ana canza musu mai da matata a kan kari, ana kwance su a sake ɗaurawa idan lokaci ya yi. Ƙurar hunturu da zafin bazara na Arewa ma sun ƙara wajabta wannan kulawa.

Har ƙwararru aka ɗauko daga Indiya suka riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1964 fasinja sama da miliyan 11 suka hau jirgi a Najeriya. Zuwa 2003 ba su kai miliyan 2 ba, alhali yawan jama'ar ƙasar ya ninka fiye da sau biyu.

An dawo da jirgin Legas zuwa Kano, wanda ya daɗe a tsaye, a Disambar 2012. A Yulin 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, a 2021 na Legas zuwa Ibadan, dukansu a kan diga mai faɗin milimita 1,435, ba tsohuwar mai 1,067 ba, saboda haka tsofaffin kawuna ba sa iya hawa sabon layi. Sababbin kawunan ma man gas suke sha. Jirgin cikin gari mai amfani da lantarki zalla sai a 2023 aka gan shi a Legas, kusan shekara hamsin da biyar bayan kammala Kainji, wadda aka tashi garuruwa da ƙauyukan Yawuri da Borgu saboda ita. Ina ganin wannan jinkiri abin kunya ne, ko da yake na yarda jirgin lantarki ba zai yiwu ba a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Har sai an gyara wannan, man gas ne zai ci gaba da jan mu.

Yanzu ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, wanda aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021. Kafin a yi bikin sauke sababbin kawuna a tashar ruwa, ya kamata wakilanmu su tambayi iri nawa za a sayo, kayan gyaran shekara nawa ke cikin kwangilar, kuma matasa nawa za a horar a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya don su iya kwance injin su ɗaura shi da hannunsu. Wakilan Kebbi kuma su ƙara da tambayar ranar da za a ja reshe ya biyo ta Yawuri.